Rediyon Ansumana

Shekara talatin da ɗoriya ina gyaran rediyo
a Tudun Wada, dab da masu facin taya,
ba wanda ya kai Ansumana kawo mini aiki,
malamin Faransanci, dogo, mai tafiya a sunkuye.

'Yar baƙar rediyo ce, an ɗaure bayanta da roba,
eriyarta ta karye tun zamanin soja.
Ba ya neman kiɗa, ba ya neman ƙwallo.
Gajeren zango, mita arba'in da tara,
inda wata murya ke tasowa cikin ƙara
kamar mai magana daga ƙasan rijiya.

Na ce, Malam, me kake nema cikin wannan shuuu?
Ya ce, garinmu.

Garinsu na bakin teku,
inda itatuwa ke tsaye da ƙafafu cikin ruwan gishiri,
shinkafa har gindin ɗaki.
Na ce, kamar Galma da damina?
Ya yi dariya har da tari.
Ya ce, Jatau, Galma ai ruwan alwala ne.

Wasu samari sun shiga daji tun yana ɗalibi,
sun ce lardinsu ƙasa ce, ga tuta, ga suna.
Babban birni ya ce ba a yanke hannun riga
a kira shi riga.
Wansa na daji.
Ƙanensa na cikin kakin gwamnati.
Uwarsu takan ɗora tukunya ɗaya
ta raba kwano biyu,
ɗaya da rana tsaka,
ɗaya bayan an hure fitila.

Ƙanwarsu Sira ta je tsintar yazawa
a gonar da kakansu ya dasa da hannunsa.
Ƙasa ta tashi da ita.
Har yau ba wanda ya ce shi ya binne nakiyar,
kowa ya rantse.
Kuɗin ƙafar roba daga nan Zariya suka tafi,
ni na raka shi banki, na riƙe masa keke.

Da aka sa hannu a takardar sulhu ta farko
ya saya mini tsire da lemo mai sanyi.
A ta biyu ya sayo akwati a Sabon Gari.
A ta uku ya ce in duba batir,
wataƙila shi ne ke ƙarya.
Daga nan bai ƙara faɗa mini ba.
Akwatin, matarsa ta zuba zannuwa.

Ya ce ba gobara ba ce, Jatau, da an kawo gudummawa.
Wutar ƙaiƙayi ce.
Sai ka ɗora ƙafa ka san tana nan.
Yaran da aka haifa shekarar da na taho
yanzu suna da furfura, suna da bindiga,
ba su san farkon maganar ba.

Bara, saura kwana tara azumi, ya kawo ta.
Na ce kayanta sun ƙare a kasuwa,
yanzu cajar waya nake sayarwa in ci abinci.
Ya ce, yi ƙoƙari, zan dawo Alhamis.
Ran Alhamis mu muka ɗauke shi.
Jar ƙasar Zazzau, busasshiya, ko ɗigon gishiri babu.

Na cire kayan tawa na sa mata.

Jiya 'yarsa ta zo karɓa,
Sira ƙarama, Zazzaganci a bakinta kamar ni.
Ta ce, Baba Jatau, kai da ka san shi,
wane ɓangare babana yake?
Na ce, ni dai lamba na sani.
Na murɗa mata arba'in da tara.
Muryar ba ta zo ba, sai shuuu.

Ta kara a kunne, ta daɗe.
Ta ce, haka teku yake kuka?
Na ce, wallahi ban taɓa ganinsa ba.